Jifa Zuwa Tasha ta Biyu

Ina da shekara goma sha huɗu lokacin da na fara bin Inna wurin aikinta. Makarantar da nake zuwa a Nuzla, unguwarmu a Jidda, ta 'yan unguwa ce, a hawa na biyu na wani tsohon gida, kuma da zarar zafi ya kankama sai a rufe ta har wata uku. Baba yana fita tun da asuba zuwa Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antun garin, inda yake lodin kaya a wani sito, ba ya dawowa sai bayan magariba. Inna ta ce ba za ta bar budurwa ita kaɗai a ɗaki yini guda ba. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta kiran sunana. Ta dai ce, “Ke, ɗauko abayarki,” na ɗauko, muka fita.

Inna aikin gida take yi a wani kambawun da ke arewacin gari, irin unguwannin nan da ake kewayewa da doguwar katanga don baƙi 'yan ƙasashen waje. A bakin ƙofa akwai mai gadi da yake duba iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Da ka shiga sai ka ga ciyawa kore shar, mata suna yawo ba abaya. Amma lokacin da na san wurin ya riga ya fara mutuwa. Kamfanin da ya gina shi ya rage ma'aikata, fiye da rabin gidajen a kulle suke. Za ka wuce layi guda ba ka ji ƙarar na'urar sanyi ko ɗaya ba. Akwai motoci da aka lulluɓe da tamfol, iska ta yage tamfol ɗin, akwai keken yara da aka jingina a bango har tayoyinsa suka manne da kwalta. Mu da muka saba da Nuzla, inda ko tari ka yi maƙwabci zai ce maka sannu, wannan shirun yana sa mu rage murya ba tare da an ce mana ba.

Matar gidan Ba'amurkiya ce, doguwa, gashinta ya yi furfura tun kafin shekarunta su kai. Madam muke kiranta. Mijinta injiniya ne, shi ne kafilin Inna, wato wanda takardar zamanta take ƙarƙashin sunansa, kuma yakan yi makonni a wani gari can arewa bai zo ba. Larabcin Madam a karye yake, amma ana ganewa. Kullum da wani baƙin agogo rataye a wuyanta, irin wanda ake dannawa a auna gudu. Ko a kicin ba ta cire shi.

A saman bene akwai ɗaki ɗaya da Inna ba ta sharewa. A kulle yake, amma na'urar sanyinsa ba ta mutuwa, sanyi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa ya taɓa maka ƙafa in za ka wuce. A jikin bangon matakala akwai hoton wata yarinya tsugune, fuskarta cikin wani kwalkwali mai sandunan ƙarfe, ba ka ganin komai sai idanu. Madam ba ta taɓa yin maganarta ba, Inna kuma ba ta tambaya ba. Ta dai yanke a ranta cewa yarinyar ta mutu, kuma duk lokacin da za ta wuce ƙofar nan sai na ga leɓenta yana motsi.

Aikina shi ne wanke-wanke da fitar da shara. Wata rana na fita bayan kicin na tarar hankaka ya yaga ledar shara ya watsar, ya koma can kan katanga yana kallona. Da nisa tsakaninmu. Na ɗauki wani busasshen lemon tsami a ƙasa na wurga masa. Ban same shi ba, amma lemon ya bugi katangar daidai ƙarƙashin ƙafarsa, ya tashi da kuka. Ina juyowa na ga Madam a taga. Ta fito ba takalmi, ta miƙo mini wani lemon, ta nuna wurin, ta ce in sake. Na sake. Ta tambaye ni wa ya koya mini. Na ce babu kowa. A Nuzla 'yan mata ba sa wasa a titi, saman rufi ne filinmu, kuma daga rufi zuwa rufi muke aika wa juna makulli da albasa da kwalin ashana, wanda duk ya faɗa lungu kuwa ya tafi kenan.

Washegari ta zaunar da ni ta zana mini wasan a takarda. Sunansa sofbol. Akwai tasha huɗu a fili, kowace an ajiye mata farin matashi mai faɗi a ƙasa. Wata tana jefo ƙwallo daga tsakiya, wata tana dukansa da sanda ta ruga daga tasha zuwa tasha. A bayan mai dukan kuwa akwai wadda take tsugune tana cafe duk ƙwallon da aka jefo, ita ce mai cafewa. In abokiyar gaba tana tasha ta ɗaya, takan saci gudu zuwa ta biyu, to aikin mai cafewa ne ta miƙe ta harba ƙwallon can kafin mai gudun ta isa. Madam ta ce nan da mako shida za a yi gwaji don zaɓen 'yan matan da za su yi wa kambawun-kambawun na yankin wasa. Ta ɗaga agogon wuyanta ta ce a ranar babu abin da za a duba sai wannan: daga sanda ƙwallo ya taɓa hannuna zuwa sanda ya isa tasha ta biyu. In na yi ƙasa da sakan biyu, babu wanda zai tambayi 'yar wace ce ni.

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta kama ni. Ban taɓa shiga wani wuri ba a Jidda da ba a fara tambayar takardata ba.

Ta hau bene, na ji ta buɗe ɗakin nan. Ta sauko da wata doguwar jaka. A ciki akwai kwalkwalin da ke hoton, da rigar kare ƙirji, da abin rufe ƙwauri, da wata katuwar safar hannu ta fata. Kayan sun yi sanyi kamar an ciro su daga firji. Ta ɗaura mini su da hannunta, kuma ba ta matsa ko igiya ɗaya ba, duk inda aka bar su nan suka zauna mini daidai. A cikin kwalkwalin, wurin da haɓa take zama, fatar ta yi baƙi da gumin wani, kuma har lokacin yana wari kaɗan-kaɗan.

Inna tana tsaye a ƙofar kicin da tsumma a hannu. Sai da muka hau mota ta fara faɗa. Ta ce kayan mamaci ne aka sa mini. Ta ce da ba matar kafili ba ce da ta san abin da za ta ce mata. Kashegari ta zo da ruwan da ta yi wa tofi a wata 'yar gora, ta faki idon Madam ta goge kayan ciki da waje.

Lokacin horo bayan azahar ne, domin da yamma samari suna buga tamaula a filin. Inna ta ƙi jinin wannan ma. A wurinta tsakar rana ba lokacin tsayuwa a fili ba ne, akwai masu wurin da suke fitowa in mutane sun shige ɗaka. Filin yana can ƙarshen kambawun, gidajen da aka kulle sun kewaye shi ta gefe uku, tagoginsu duk suna kallonsa. Iska ba ta motsi. Laimar teku tana manne wa mutum kamar jiƙaƙƙen zane. Daga ni sai Madam sai bokitin ƙwallaye.

Takan tsaya a tsakiya ta jefo mini, sannan ta duƙa, ni kuma in miƙe in harba ta saman kanta. A tasha ta biyu babu kowa, sai farin matashin nan. Ranar farko na tambaye ta wa zan jefa wa. Ta ce mai cafewa ba mutum take jefa wa ba, tasha take jefa wa, domin lokacin da ƙwallon zai bar hannunta abokiyar wasanta tana kan hanya ne, ba ta iso ba tukuna. Ta ce da Larabcinta, “Ki jefa. Za ta zo.”

Na yi ta jifa. Ƙwallon ya bugi ƙasa ya gangara can cikin ciyawa, ta danna agogo, ta rubuta a wani littafi mai jan bango, ta ce yalla, a sake. In bokiti ya ƙare mu tsince mu dawo. Bokiti huɗu, wata rana biyar. Ta koya mini yadda zan juya ƙafa, yadda zan ciro ƙwallo daga safar ba tare da na duba ba, yadda zan kai hannu kusa da kunne in saki. Ba ta koya mini wani abu ba bayan wannan, ni kuma ban san akwai wani abu ba.

A mako na uku na fara gani. Zan faɗe shi yadda ya faru, ban da ƙari. Gumi yana shiga mini ido, sandunan kwalkwali sun raba mini filin gida-gida, ƙasa kuma tana rawa saboda zafi. Na miƙe zan jefa sai na ga kamar mutum a tasha ta biyu, a sunkuye, hannu ɗaya a ƙasa dab da matashin, yana jira. Ba fuska, ba launin tufa, siffa ce kawai, mai tsawon yarinya kamata. Hannuna ya riga ya tafi. Kuma maimakon ƙarar ƙwallo a ƙasa, sai na ji wata ƙara tas, irin ta ƙwallo in ya shiga fata. Na cire kwalkwali da sauri. Babu kowa. Ƙwallon yana zaune a kan matashin, bai gangara ko'ina ba.

Madam ta dubi agogo ta daɗe tana dubansa. Sannan ta juya, ba ni ta kalla ba, tashar ta kalla, ta yi murmushi.

Na gaya wa kaina zafi ne, kuma mai yiwuwa zafin ne. Ƙwallo yakan bugi bakin matashi ya tsaya, daga baya na ga hakan a wasa. Amma tun daga ranar, duk sanda na sa kwalkwalin nan a wannan lokaci, in na daɗe a tsugune, siffar takan dawo. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne in tana nan jifana ya fi sauri, kuma na fara jiran ta zo. Ban gaya wa Inna ba.

Wata rana Madam ta bar littafin a buɗe a kan bokiti ta je shan ruwa. Na leƙa. Kowane shafi an raba shi biyu. Gefen hagu lambobi ne da tsohuwar tawada da ta koɗe, gefen dama kuma nawa ne, sababbi, kowane a jere da ɗan'uwansa, rana da rana. Nawa suna bin na hagun a baya kaɗan, kuma tazarar tana raguwa. Na buɗe gaba na ga na hagun sun ci gaba har wasu shafuka, sannan suka tsaya a tsakiyar shafi.

A cikin wannan makon ne ta fara kirana da wani suna da ba nawa ba. Sau ɗaya ta gyara, daga baya ta daina gyarawa. A makon ne kuma kafaɗata ta fara ciwo, wani ciwo can ciki kamar an soka allura an bar ta. Madam ta ba ni ƙanƙara a leda ta ce haka yake yi, zai wuce. Inna tana shafa mini man zaitun da habbatus-sauda tana ƙwafa. Ta kai ƙara wurin Baba. Baba ya gaji, yana cin burodin tamis da wake ko ɗaga kai bai yi sosai ba. Ya tambaye ni ko ina so, na ce ina so. Ya ce to a bari in yi gwajin, daga nan halas, wato an gama.

Ranar gwajin Asabar ce da hantsi. Ban taɓa ganin filin da mutane ba. Motoci suka kawo 'yan mata daga wasu kambawun, iyaye suka kafa laima a gefe, har da kulolin ruwan sanyi. Wanda zai yi zaɓen wani gajeren mutum ne ɗan Filifin, mai usur a wuya, kowa yana kiransa Kabtin. Shi ma yana da agogo, amma a aljihu yake ajiye shi. Mu uku ne muke neman zama mai cafewa, ɗaya ta janye tun da ta ga nauyin kayan, saura ni da wata.

Wannan ɗayar baƙa ce kamata, mai jiki, mai yawan dariya. Ta ji Inna tana yi mini magana ta bayan wayar da ta kewaye filin sai ta matso ta ce, “Sannu, Inna,” da wata irin Hausa mai nauyi. Ashe iyayenta Hausawan Sudan ne, babanta likita ne a wani asibiti. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta amsa sai Larabci ya riga fitowa. Inna ta riƙe hannunta ta cikin waya kamar ta ga 'yar ƙanwarta.

Kabtin bai fara da jifa ba. Ya sa mu tsuguna, ya riƙa jefo ƙwallo yana buga ƙasa a gabanmu, ya ce mu tare da jiki kada ya wuce. Ba a taɓa nuna mini wannan ba. Na riƙa kai hannu, ƙwallon yana bi ta tsakanin ƙafafuna yana tafiya. 'Yar Sudan kuwa sai ta zube a gwiwa ta sa ƙirji, ƙwallon ya faɗi a gabanta kamar an ajiye. Sannan aka kawo wata 'yar siririyar yarinya mai jefowa, tsoro ya kama ta, tana ta jefawa sama da gefe. Ni na tsuguna ina jira ta gyara. Da aka zo kan 'yar Sudan sai ta tashi ta je wurinta, ta faɗa mata wani abu a kunne har ta yi dariya, ta dawo ta buɗe mata safar sosai. Yarinyar ta fara jefowa daidai. Na ga Kabtin ya rubuta wani abu.

Sai aka zo jifa zuwa tasha ta biyu. 'Yar Sudan ta fara. Ƙwallonta yana tafiya a hankali, har da ɗan lanƙwasa a sama, amma duk sau ukun ya sauka a hannun yarinyar da aka sa a tashar, daidai gwiwa. Madam tana tsaye a bayan waya da agogonta, na ga ta girgiza kai.

Na tsuguna. Rana ta riga ta hau, gumi ya fara shiga ido. Aka jefo, na cafe, na miƙe. Yarinyar da za ta karɓa tana gudu daga hagu, ba ta iso ba. Amma a kan tashar na ga siffar nan, a sunkuye, hannu a ƙasa, a tsakiyar mutane da hayaniya da rana. Ita na jefa wa. Ƙwallon ya wuce ta gefen kunnen mai jefowa har ta faɗi zaune, ya isa tashar kafin mai karɓar, ya bugi ƙasa ya tashi ya same ta a ƙwauri. Ta dafe ƙafa ta zauna tana kuka.

Madam ta ɗaga agogo sama ta faɗi lambar da ƙarfi, da Turanci, sau biyu. Ƙasa da sakan biyu ne. Babu wanda ya tafa. Kabtin ya je ya duba ƙafar yarinyar, ya sa aka kawo ƙanƙara, ya sa wata a madadinta. Jifa na biyu ya tafi daidai. A na uku na ji wani abu ya yi ƙas a cikin kafaɗata, hannun ya mutu har yatsu, ƙwallon ya tafi can gefe.

Ina zaune a benci ina kwance igiyoyi da hannu ɗaya na ji Madam da Kabtin suna gardama, rabi Turanci rabi Larabci, 'yar Sudan tana fassara mini abin da ya wuce ni. Madam tana cewa tare ƙwallo da lallashin mai jefowa duk ana koyar da su a wata guda, amma hannu irin wannan ba a koyar da shi. Kabtin ya ce bai musa ba. Ya ce amma a wasan yara masu wannan shekaru mai cafewa tana karɓar ƙwallo tun daga farko har ƙarshe, jifa zuwa tasha ta biyu kuwa sau biyu ne ko uku, kuma ko a nan ɗin abin da yake so shi ne ƙwallon da yarinya za ta iya kamawa. Ya ce sauri yana da amfani, amma shi ne na huɗu ko na biyar a lissafinsa. Madam ta ci gaba da magana. Sai ya rage murya ya ce mata, “Madam, a wannan filin kin taɓa gaya mini haka.” Ta juya ta tafi gida ba ta jira sakamako ba.

Na tambayi 'yar Sudan me yake nufi. Ta ce ai maganar 'yar Madam ce. Na ce wadda ta rasu? Ta zaro ido ta ce wa ya ce ta rasu. Yayar ita 'yar Sudan ɗin ta yi wasa da yarinyar. Ita ce mai cafewa mafi sauri da aka taɓa yi a nan, uwarta tana fitar da ita kullum tsakar rana, har kafaɗarta ta yage tana da shekara goma sha biyar. Aka kai ta ƙasarsu aka yi mata aiki, ta zauna wurin kakarta, ta ce ba za ta dawo ba. Shekara da shekaru ba ta ɗaga wayar uwar. Tana nan da ranta, ta yi aure, har da ɗa, yayar tana ganin hotunanta a waya. Hannun daman ne dai ba ta iya ɗaga shi sama da kafaɗa.

A mota na gaya wa Inna duka, har da abin da nake gani a tashar. Na ɗauka hankalinta zai kwanta da ta ji yarinyar tana raye. Sai na ga ta ƙara tsorata. Ta ce, “Da mutuwa ta yi, da na san abin da zan karanta.”

Bayan kwana biyu muka mayar da jakar. Madam ta ce in hau in ajiye da kaina, ta ba ni makulli. Ɗakin ya yi sanyi har haƙorana suka haɗu. Gado a gyare, takalman makaranta a jere, buroshin gashi a kan tebur da gashi a jikinsa. Babu ƙura ko kaɗan, ashe ita take sharewa. Na ajiye jakar a inda na ga shatinta a kan kafet, na fito da baya. Madam tana ƙasan matakala. Ta tambayi kafaɗar, na ce da sauƙi. Ta ce to gobe, lokacin da muka saba.

Inna ce ta amsa. Shekara shida tana aiki a gidan nan ba ta taɓa ce wa matar a'a ba. Ta ajiye tsintsiya ta ce, “La, Madam. Halas.” Na ɗauka za a kore mu a ranar. Madam ta dube ta, ta dube ni, ta gyaɗa kai kamar an gaya mata farashin tumatir, ta shige ɗaki.

Ba ta sake yi mini maganar ba, kuma ta koma kirana da sunana. Amma kullum bayan azahar ina wanke-wanke nakan gan ta ta taga ta wuce da bokiti. Sau ɗaya na bi ta a baya, na laɓe a bayan wani gida da aka kulle. Ta tsaya a tsakiyar fili. Ta jefa ƙwallo wurin da nake tsugunawa, ƙwallon ya wuce ya bugi waya. Ta duƙa da sauri, kamar wani abu zai bi ta saman kanta, ta danna agogo, ta miƙe, ta duba, ta rubuta. Ta ɗauki wani ƙwallon. Na tsaya har ta yi sau goma ko fiye. Da na juya ban waiwaya ba har kicin.

A shekarar da ta biyo aikin mijin ya ƙare suka tafi. Inna ta taya su ɗaure kaya, ban da na ɗakin nan, wanda Madam ta ɗaure da kanta. Aka mayar da iƙamar Inna hannun wani kafilin, wani gida a cikin gari. Ban sake jin labarin Madam ba.

Wasa kuwa na yi, kakar wasa ɗaya. Kabtin ya ba 'yar Sudan cafewa, ni ya ce in huta mako shida kada in ɗauki ko bokitin ruwa da hannun, sannan ya sa ni can bayan fili, inda ake jiran ƙwallon da aka doka nesa. Baban 'yar Sudan ya duba kafaɗar ya ce ban yaga ta ba, amma saura kaɗan. Har yau in sanyin na'ura ya buge ta takan tuna mini.

Wasanni bakwai muka yi, muka ci uku. Abokan gaba sun saci tasha ta biyu a kan 'yar Sudan ba adadi, ita kuwa ko a jikinta, sai ta gyara kwalkwali ta ce wa mai jefowa yalla. Baba ya zo kallo sau ɗaya, wata Juma'a da la'asar, da farar jallabiyarsa ta masallaci. Ya ƙi zama a kujera cikin Turawa, ya tsaya a jikin waya kusa da inda nake. A wasan ƙwallo ɗaya ne ya zo wurina. Na tsince shi na jefa wurin mai cafewa, a hankali yadda Kabtin ya ce, ya buga ƙasa sau ɗaya, 'yar Sudan ta kama, mai gudun ta riga ta wuce. Aka cinye mu.

A hanyar komawa Baba ya saya mini ruwan mangwaro a wani shago. Ya ce ya kalla da kyau amma bai gane komai ba. Abu ɗaya ne ya dame shi, ya ce: su sauran yaran duk suna tare, ana magana da su, ni kuma an kai ni can nesa ni kaɗai, ko wani laifi na yi? Na ce a'a, Baba, wurina ne a can. Ya ce to, in dai haka ne. Muka tsaya jiran motar Nuzla.